Teburin laburare da inuwar dogon yaro

Talata, saura kwana 9 a fara jarrabawa.

Bayan sallar asuba na buɗe takarduna a kan katifa, da niyyar in gama da zagayen Krebs, wato jerin matakan da ƙwayoyin halittar jiki ke bi wajen fitar da kuzari daga abinci, kafin rana ta ɗaga. Ban kai ko'ina ba. Wannan yana dafa shayi, wancan yana waya da mutanen gida a Illela, wani yana neman takalminsa ƙafa ɗaya. Ba laifinsu ba ne, ɗaki na kowa ne. Ga shi kuma jikina ya san katifa wurin barci ce, layi uku na karanta ido ya fara nauyi. Ƙarfe bakwai da rabi na zuba takardu a jaka na fita.

Kai tsaye na nufi Laburaren Abdullahi Fodiyo. Duk ranar da na ɗaga kai na ga sunan nan sai in ji nauyi ya hau ni. Mutumin da ya yi ta rubuta littattafai cikin hijira da yaƙi da ɗawainiyar mulkin Gwandu, ba fanka ba lantarki, shi aka sa wa ginin sunansa, ni kuwa kujera kawai aka ce in zo in zauna. Kawuna, wanda ya yi karatu a nan tun ana kiranta Jami'ar Sakkwato, kafin a mayar da ita Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, shi ya koya mini zaɓen kujera. Ya ce kada in zauna kusa da ƙofa, don duk wanda ya shigo sai ido ya bi shi, in kuma ɗan ajinku ne sai an gaisa, gaisuwa ta haifi hira. Kada kuma in zauna jikin tagar da rana ke bugawa. Na sami wani teburi can ƙurya, ƙarƙashin fanka, na juya wa mutane baya, na kashe waya.

Awa biyu na yi a wurin, kuma sun yi albarka. Na zana zagayen a takarda sau uku har na gane abin da malam yake nufi: matakai 8 ne, a biyu daga ciki iskar kabon dayoksaid ke fita, a uku ake samun NADH, sinadarin da ke ɗaukar kuzarin da aka fitar. Da can haddar sunaye nake yi ba tare da na san me ke shiga me ke fita ba. Shirun laburare ne ya ba ni wannan.

Matsala ta zo da na ce bari in zuba shi a ka. Ban ankara ba leɓuna sun fara motsi, murya ta fito, jiki ya fara rausaya gaba da baya. Wanda ke gefena ya ɗago ya dube ni, da gaskiyarsa. Ni ɗan makarantar allo ne. Tun ina shekara biyar abin da kunnena bai ji daga bakina ba ba ya zama a kaina, haka na haddace izu-izu a gaban Malam, kuma jami'a ba ta canza ni ba. Na daɗe ina ganin wannan kamar aibi ne, ina tilasta wa kaina karatun shiru. Yau dai na tattara na fita neman inda zan buɗe murya.

Na leƙa wani aji da babu lakca. 'Yan ajinmu na ciki suna bitar tambayoyin shekarun baya. Na zauna rabin awa, na ƙaru da abu biyu da ban sani ba, daga nan zance ya koma ƙwallo, na sulale. Waje kuwa rana ta take. Wanda bai san Afrilun Sakkwato ba ba zai gane yadda zafin da ya haura digiri 40 ke hana ƙwaƙwalwa riƙe komai ba. Bayan azahar na so in zauna a barandar masallaci, akwai sanyi-sanyi, amma ga masu nafila ga masu tilawa, ban ga dacewar in cika musu kunne da sunayen sinadarai ba.

Ina cikin kai da kawowa wani dattijo mai gadi ya kira ni.

"Ɗana, mi kaka nema tun ɗazu?"

Na rusuna na ce, "Baba, wurin da zan yi karatu da ƙarfi nake nema, wanda ba zan dami kowa ba."

Ya nuna da sandarsa. "Tahi bayan wanga gini, akwai icce babba. Bari sai an yi la'asar, inuwa ta koma gabas. Iska na tahowa daga fadama, ka ji daɗinai."

Haka kuwa aka yi. Dogon yaro ne tsoho, ƙarƙashinsa a share, da wani guntun bulo da alama wani ya taɓa zama a kai. Babu hanya kusa, ba kabu-kabu ba mai talla. Da aka yi la'asar iska ta fara kaɗawa daga wajen fadamar Rima. Na ajiye jaka, na riƙe takardar da na zana da safe, ina taku goma in juyo, ina faɗin matakan da ƙarfi kamar yadda nake biya allo. A zagaye na shida na kife takardar na kawo su duka takwas ba tuntuɓe. Na ɗauki tsinke na zana su a ƙasa don in tabbatar. Wallahi daɗin da na ji ya fi ƙarfin baki.

A hanyar dawowa na haɗu da wata 'yar ajinmu, na ba ta labarin wurin cike da murna. Ta ce, "Malam, kai namiji ne. Ni ba zan je bayan gini ni kaɗai ba, ko da rana." Ta ce ita abin da take fara dubawa shi ne haske, da kusancin wurin da ɗakin kwanansu, da ko ƙawayenta za su zauna tare da ita har su dawo tare. Ban taɓa sa wannan a lissafina ba, kuma maganar ta tsaya mini a rai har yanzu. Na ce mata in suna so su zo su uku ko huɗu bayan la'asar, inuwar ta ishe mu, kowa ya kama gefensa.

Da magariba sauro ya kore ni, don haka wurin ba na dare ba ne. Yanzu ƙarfe goma ta wuce, ɗaki ya yi shiru. Na sake gwada matakan a zuci ina kwance, suna nan. Gobe in Allah ya kai mu laburare da safe har zuwa azahar, da la'asar gindin icce. Na naɗe 'yar tabarmata na jingine ta jikin jaka tare da gorar ruwa, kuma zan sayi goro in kai wa Baba.