Neman kakan kakan matar ƙanena

Matar ƙanena Ba'amurkiya ce, kuma tunda ta haihu ta dage sai ta gano asalin danginsu don yaron ya tashi ya san tushensa ta ɓangaren uwa. A gidansu kowa cewa yake wai kakansu na farko tare da Daniel Boone, wani shahararren mafarauci a tarihin Amurka, ya shiga yankin Kentucky a 1775, lokacin da aka sare daji aka buɗe hanya ta Cumberland Gap, wata mashiga tsakanin duwatsu. Ni dai da naji haka dariya nayi, kowa fa so yake ya jingina da babban suna.

Haka muka zauna gaban kwamfuta kusan sati uku muna tonon takardun ƙidaya, wallahi aikin akwai cin rai. Na 1890 yawancinsu gobara ta cinye a 1921, sannan kafin 1850 sunan maigida kawai ake rubutawa, mata da yara sai dai adadi, to ta ina zaka gane wane ɗan wane? A na 1850 muka tsinci wani tsoho mai sunansu, an rubuta a Virginia aka haife shi, har ta karaya tace ashe ba ɗan Kentucky bane, nace mata yaya kwantar da hankali... au, ƙanwata dai, ai Kentucky ɗin ma cikin Virginia take har 1792.

Takardun haraji ne suka kai mu ga babansa, yana da doki da fili, a dajin da ƙabilun Shawnee da Cherokee, 'yan asalin ƙasar, ke farauta tun kafin zuwansu. Boone kam ko ƙyallinsa bamu gani ba, har yanzu ta kasa faɗa wa mamanta.