Yoyon da mai ɗaki bai sani ba

Ranar da muka je ganin motar nan mai ɗaki da muke son saya, injin na fara buɗewa. Na zaro ma'aunin baƙin mai, na duba ruwan lagireto, na sa mai motar ya tayar da ita na kasa kunne. Haka na ga manya suna yi idan za su sayi kwance, ni ma haka na yi. Uwargida kuwa tana can ciki tana buɗe durowoyi, tana gwada murhu da famfo. Da ta fito ta ce mini, "Abban yara, bayan motar nan akwai wani wari kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba." Na ce ai ta daɗe a ajiye ne, iska za ta kore shi. Muka biya, muka taho da ita gida Leeds, a Ingila.

Mota ce mai ɗaki, irin wadda Turawa ke tafiya hutu da ita: gaba Fiat Ducato, baya kuma gado da kicin da ɗan banɗaki. Mun saye ta don mu riƙa fita da yara, mu dafa abincinmu na halal, mu yi sallarmu a natse, ba tare da kuɗin otal ya cinye mu ba. A shekarar farko injin nan da na ba duk hankalina bai ba mu matsala ko sau ɗaya ba. Ɗakin ne ya zama makarantarmu.

Warin bai tafi ba. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya shekara da shekaru yana riƙe da irin wannan mota, ya shigo da wata 'yar na'ura mai tsini biyu ta auna laima. Ya riƙa dafa ta a bango yana karanta lamba. Ya ce ƙasa da kashi 15 ba damuwa, idan ta wuce 20 a fara bincike. A kusurwar baya, ƙarƙashin taga, ta haura 30. Ya kama yatsana ya danna a wurin, sai na ji bangon ya lotsa kamar burodi. Gabana ya faɗi.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan ɗakin ba haka ba ne. Bangonsa falle uku ne a manne: fatar waje, abin tare sanyi a tsakiya, siririn katako a ciki. Ruwa na shiga ta inda gam ya tsufa, gefen taga ko bakin tagar rufi ko ramin wani sukuru, ya bi cikin bango yana cin katako wata da watanni, kai kuwa ko ɗigo ba ka gani ba. Kuma inda ya ɓulla sau da yawa ba nan ya shiga ba. Namu ta wani ƙarfe da ke gefen rufi ya shiga, ya gangaro ya taru a ƙasan taga. Sati uku muka yi muna aikin: na cire tagar, muka ɓamɓare ruɓaɓɓen katako, muka kunna na'urar busarwa, aka sa sabo. Na so in shafa silikon irin na banɗakin gida, dattijon ya hana ni. Ya ce jikin mota motsi yake yi a kan hanya, silikon zai saki, kuma ba abin da ke kama inda ya taɓa zama. Gam mai laushi da ba ya ƙanƙarewa ake sa wa taga.

Ina kan tsani rannan ina kankare tsohon gam sai mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya faɗo mini a rai. Duk shekara kafin damina sai ya hau saman soro ya duba tsaga, a yi yaɓe, a gyara indararo, alhali ko hadari bai fara haɗuwa ba. Ina yaro ban ga dalilin wahalar ba. Yanzu sau biyu a shekara nake hawa rufin motar nan, ina bin kowane layin gam da yatsa, kuma a Ingila ba wata damina da za ka jira: ruwan ba ya da lokaci.

Wutar lantarki ce darasi na biyu. Ban san cewa batir biyu ne ba sai da muka kwana a wani fili a yankin Lake District fitilu suka dushe, famfo ya ƙi kawo ruwa, amma mota ta tashi lafiya lau. Ɗaya na injin ne, ɗaya na ɗaki. Na ɗakin mai gubar dalma ne, kuma irinsa ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi. Na sayi mita na koyi karanta ta: wajen 12.7 batir ya cika, idan ya sauko kusa da 12.1 an ci rabi, sai a nemi caji. Namu ya riga ya mutu tun kafin mu saya, don an bar shi a zuƙe tsawon hunturu. Tun daga nan, kafin in zargi kowace na'ura, fis nake fara dubawa. Sau biyu abin da na ɗauka babbar matsala ce ya ƙare a ɗan fis ɗaya da ya ƙone.

Firjin ma ya ruɗe mu, wata rana ya yi sanyi wata rana ya ƙi. Ashe ba irin na gida ba ne. Zafi ne ke juya ruwan amoniya a cikin bututunsa, don haka idan mota ta karkace ba ya aiki. Uwargida ce ta gano wannan a littafin da ya zo da motar, wanda ita ta zauna ta karanta shi daga farko har ƙarshe. Yanzu ita ke riƙe da ma'aunin daidaito, ni ina hawa da taya kan matakan roba har ta ce ya isa.

Da sanyi ya shigo, wata safiya na tarar da ruwa malale a ƙarƙashin mota, na ɗauka tanki ya fashe. Tukunyar ruwan zafi ce, ƙirar Truma, tana da wani bawul da ke buɗe kansa idan sanyi ya sauko kusan digiri 3, ya zubar da ruwa don kada ya daskare ya tsaga ta. Ita ta kare kanta, amma bututu da famfo ba su da mai kare su sai mu. Kafin hunturu yanzu muna juye kowane tanki, mu bar bakin famfo a buɗe. Gas ma sanyi na taɓa shi: butane, mai shuɗiyar tukunya, ya kan daina tashi idan an kusa daskarewa, shi ya sa muka koma propane mai jar tukunya.

A kan gas ɗin na ja wa kaina layi. Ina sauya tukunya, ina duba kwanan watan da ke jikin tiyo, na kafa ƙararrawar da ke jin gubar hayaƙin da ba ya wari. Abin da ya wuce nan, mai takardar shaidar aikin gas nake kira, kuma shekara-shekara muna kai ta a duba ɗakin gaba ɗaya, ban da gwajin lafiyar mota da hukuma ta wajabta, wanda ake kira MOT. 'Ya'yana a ciki suke kwana, ƙofa a rufe. Ba wurin koyon hannu ba ne.

Tayoyin kuwa zanensu kamar sabo, har na yi murna da su. Dattijon ya nuna mini lambobi huɗu a gefen kowace: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Namu sun haura shekara takwas, gefensu ya fara tsattsagewa. Irin wannan mota ba tafiya ke cinye tayarta ba, tsayuwa ce da rana da nauyi a wuri ɗaya. Haka birki ke kamewa, haka robar taga ke bushewa. Muka sauya duka. Muka kuma hau sikeli da kayanmu cike, don lasisina, kamar na duk wanda ya ci gwajin tuƙi a nan daga 1997, bai wuce kilo 3,500 ba. Abin da ya rage mana kaɗan ne. Kowace litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka mun daina tafiya da tanki cike, sai mun isa mu ɗiba.

Wanda ya sayar mana, ban sani ba ko ya san da ruɓar nan, na kuma bar shi da Allah. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an faɗa mini tun ranar farko, a cikin motar, da bakin matata. Makon jiya bayan ruwan da aka kwana ana yi, ta shiga ta shaƙi iskar ɗakin ta ce lafiya. Duk da haka na ɗauko na'urar na dafa a kusurwar nan ta baya. Ta nuna 12.