Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Wake da safe, lalo da zomo a Alƙahira

A makon jiya na tsaya a inda muka kama haya a Hayyul Ashir, can ƙarshen Madinat Nasr, unguwar da ɗaliban Afirka suka yi wa cincirindo saboda sauƙin kuɗin gida. Mu huɗu ne a gidan: ni, da Katsinawa biyu, da wani mutumin Damagaram da ya girme mu, ya kuma riga mu shiga Azhar da shekaru. Yaya muke ce masa. Shi ya koya mana hawa ƙananan motocin haya, da yadda ake miƙa kuɗin mota daga hannu zuwa hannu har ya isa ga direba, canji kuma ya dawo ta hanyar da ya bi ba tare da ko ƙirshi, wato kwabon Masar, ya yi ciwon kai ba. Shi ne kuma ya fara kai mu wurin mai ful.

Ful wake ne, amma ba irin namu ba. Ƙato ne mai kauri, ana zuba shi a wata tukunya mai ƙaramin baki ya kwana kan wuta kaɗan-kaɗan. Da asuba masu sayarwa ke turo amalankensu bakin titi. A zuba maka a kwano, a ɗan farfasa shi, a kwarara mai, a barbaɗa gishiri da kamun, a matsa lemon tsami, ka tsaya nan a tsaye tare da leburori da ma'aikata masu kwat ka sa gurasa ka kwashe. Ranar farko na kai loma biyu na dubi Yaya na ce, "Yaya, ina yajin?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ka manta da yaji. Ci ka ƙoshi, darasin nahawu ba ya jin tausayin mai yunwa." Gaskiyarsa. Wannan waken idan ya zauna a ciki, sai La'asar ka tuna da abinci. Daga shi kuma ake yin ɗa'amiyya: a jiƙa, a niƙa da ganye da albasa, a soya. Ƙosai ne dai ya sa koriyar riga.

Gurasar kuwa, wadda suke kira aish baladi, ba abin wasa ba ce a Masar. A watan Janairun 1977, lokacin Anwar Sadat, gwamnati ta rage tallafin kayan abinci, jama'a suka fito kan titi, tilas aka janye matakin. Mai tallafin ta shafe sama da shekara 30 ana sayar da ita ƙirshi 5, sai a 2024 aka mai da ita 20. Wannan ta 'yan ƙasa ce masu katin tallafi. Mu baƙi ta kasuwa muke saya, ita ma ba ta fi ƙarfin ɗalibi ba. Har yau ina mamakin samarin nan da ke ɗora faffaɗan katako cike da gurasa a ka, suna tuƙa keke da hannu ɗaya cikin cunkoson Alƙahira.

Kushari ne abincin rana idan aljihu ya yi sanyi: shinkafa, taliya, makaroni, adas da hummus (wasu dangin wake) a kwano guda, da miyar tumatir da soyayyar albasa a sama. A kan tebur akwai kwalabe biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa mai tsami, ɗaya shaɗɗa. Wannan shaɗɗar ita kaɗai na samu a garin da ta isa a kira ta barkono.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da mai gidanmu, wani dattijo da muke kira Ammu, ya gayyace mu cin abinci. Tun kwana biyu kafin ranar yake kurara mana cewa uwargida za ta yi mulukiyya, abincin sarakuna. Muka saka manyan kaya muka hau bene. Aka kawo kwano, na leƙa, na dubi Yaya, Yaya ya kau da kai don kada dariya ta kuɓuce masa. Lalo ne. Lalon nan da ke fitowa a bayan gidanmu da damina, wanda idan aka kaɗa shi kwana uku a jere yara ke fara tura baki. Sai dai fa sun san kansa. A yanka ganyen ya yi laushi da wata wuƙa mai kama da jinjirin wata, a dafa shi cikin romon zomo, sannan a soya tafarnuwa da kusbara, wani kayan ƙamshi, a man shanu a juye a kai yana ƙara. A daidai wannan juyewar matan Masar kan ja numfashi da ƙarfi kamar an firgita su, wai idan ba a yi haka ba miyar ba ta daɗi. Mun ji na uwargida tun daga falo. Na ci, na ƙara, ban kuma ji kunya ba.

Daga nan idona ya buɗe. Goribar da muke gwagwiya a hanyar makarantar allo, a can jiƙa ta ake yi a tace a sayar a kofin gilashi, mai sanyi. Zoɓo shi ne karkade, ana shan sa da zafi lokacin hunturu. Ga ruwan tsamiya, ga ruwan rake da ake matsewa a gabanka, ga kuɓewa da ake dafawa ɗungurungum cikin tumatir ba tare da an bar ta ta yi yauƙi ba, wanda ni dai har gobe ina ganin ɓarnar kuɓewa ce.

Tuwo ne kawai babu. Shi ya sa duk wanda zai dawo daga hutu, kafin a tambaye shi lafiyar mutanen gida an tambaye shi kuka da daddawa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya kan tuƙa mana tuwo da garin samid, mu kaɗa miyar kuka. Warin daddawa ya taɓa sa wata maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko wani abu ne ya mutu a bututun ruwa. Yaya ya zuba mata a kwano ya ce ta ɗanɗana. Ta karɓa don kara, ta kuma dawo da kwanon cike da basbusa, wani kek nasu mai zaƙi, amma ba ta taɓa cewa a ƙara mata ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin azumina na farko a can, da teburan buɗa-baki da masu hali ke shimfiɗawa a tituna, da yadda sanyin Janairu ya kusa kora ni gida ana saura mako jarrabawa.