Tambaya Mai Harshen Damo: Wasan Cike Gidaje da Hausa

Akwai wani wasan ƙwaƙwalwa da jaridun Ingila suka shahara da shi, wanda na daɗe ina yi, kuma na yi imani cewa Hausa za ta iya ɗaukarsa fiye da yadda muke zato. Ana zana murabba'i a raba shi gida-gida, wasu gidajen baƙaƙe wasu farare, sannan a ba mai wasa jerin tambayoyi, ya rubuta kowace amsa harafi ɗaya a gida ɗaya, wata a kwance wata a tsaye, har kalmomin su riƙa gitta juna. Wani ɗan jarida mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga irinsa a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913, kuma tambayoyinsa kai tsaye suke, a ba ka ma'ana ka kawo kalma. Da wasan ya ƙetara Ingila sai ya canza kama. Edward Powys Mathers, wanda ya riƙa sa hannu da sunan Torquemada a jaridar Observer tun daga 1926, ya mayar da kowace tambaya magana mai harshen damo, wadda zahirinta daban, abin da take nufi kuma daban. Har ta kai a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan wata gasa da jaridar Daily Telegraph ta shirya, hukumomin soja suka tuntuɓi wasu daga cikin gwanayen wasan domin aikin warware saƙonnin sirri a Bletchley Park, cibiyar wannan aiki a Ingila.

Abin da ya riƙe ni a wasan nan shi ne adalcinsa. Derrick Macnutt, wanda ya gaji Torquemada a 1939 da sunan Ximenes, shi ne ya tsaya kai da fata a kan ƙa'idar cewa tambaya mai kyau tana da sassa biyu: ma'anar amsar, wadda ke zuwa a farko ko a ƙarshe, da kuma hanya ta biyu ta isa ga wannan amsar ta hanyar wasa da haruffa. Kalmar da ba ta da aiki ba ta da mazauni a cikin tambayar. Wani gwanin kuma, A. F. Ritchie, ya ce ba dole ne mai tambaya ya nufi abin da ya faɗa ba, amma dole ne ya faɗi abin da yake nufi. A nan ne wasan ya rabu da kacici-kacicin da muka taso da shi. Idan aka ce "Baba na ɗaki, gemu na waje", ko "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", hoto ne aka zana maka, kuma yawancinmu mun san amsar ne domin mun taɓa ji a dandali, wanda bai sani ba kuwa sai ya ba da gari. Amma a tambaya mai harshen damo, ko ba ka taɓa jin ta ba, duk abin da kake buƙata yana gabanka, kuma idan ka samu amsa za ka iya tabbatar da ita da kanka ba tare da ka jira wani ya ce ka canka daidai ba.

Na fara gwada ƙirƙirar irin waɗannan tambayoyi da Hausa a nan Gombe, kuma mutumin da nake fara kai wa su shi ne kawuna, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda ba ya barin kuskuren rubutu ya wuce shi ko a allon shago ne. Wata rana bayan la'asar na rubuta masa wannan a bayan ambulan: "Wahala tsakanin kai da kafaɗa (4)". Lambar da ke cikin baka tana nuna yawan haruffan amsar. Ya gyara tabarau, ya karanta a hankali, ya ɗora alƙalami a kan kalmar "kai" ya daɗe bai ɗaga ba. Can sai ya shafa wuyansa ya ce, "Ɗana, ashe ba da ni kake ba, kan da ke bisa jiki kake nufi." Amsar ita ce WUYA, domin wahala wuya ce, abin da ke tsakanin kai da kafaɗa ma wuya ne.

A irin wannan tambaya mai ma'ana biyu ne arzikin Hausa yake. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, saboda haka kalmomin da kunne ke rarrabewa sukan zama abu ɗaya a kan takarda. Gari na zama da gari na tuwo, kuka na hawaye da kuka ta miya, fara ta ci da fara aiki, gashi na kai da gashin nama, wata na sama da wata mace, duk rubutunsu ɗaya. Abin da ke ba ɗan koyon Hausa wahala, shi ne jarin mai ƙirƙirar tambaya.

Sauran dabarun ma suna zama daram. Akwai ta hargitsa haruffa, inda ake ba ka haruffan amsar a wata kalma, tare da alamar cewa a sake musu jeri. Haruffan GARI su ne na RIGA, su ne na GIRA, su ne kuma na RAGI. Idan na ce "Riga a yamutse, an samu sauƙin farashi (4)", mai karatu zai hango ɗan kasuwa da rigar da ba a goge ba, alhali "a yamutse" umarni ne cewa a yamutsa haruffan riga, "sauƙin farashi" kuma shi ne ke zaɓar RAGI daga cikin 'yan uwanta. Akwai ta ɓoye kalma a tsakiyar jimla, kamar "Baba ku yafe, a ciki akwai dabba (5)", inda AKUYA take kwance tun daga ƙarshen "baba" har cikin "yafe". Akwai kuma ta haɗa guntaye, kuma wadda na fi so a wannan fanni ta gida ce: "Gari a bakin Gongola na gidan sarki (6)". Gidan sarki fada ce, a sa "na" a gabanta, sai ga NAFADA.

Dabara ɗaya ce ba ta karɓe mu yadda take ba, wato karanta kalma daga ƙarshe zuwa farko. Yawancin kalmomin Hausa da baƙi suke farawa su ƙare da wasali, don haka idan aka juya su harafi-harafi ba a samun komai. Amma zaurance ya riga ya nuna mana mafita, domin a cikinsa akwai salon da ake juya gaɓoɓi. Daga ta koma gada, rago ya koma gora, kasa ta koma saka. Da wannan na yi tambayar da har yau nake jin daɗinta: "Rabo ya juya, matar da miji ba ya yi da ita (4)". Amsar BORA ce, kuma zahirin jimlar da amsar sun tafi tare, domin wadda ta zama bora lalle rabonta ya juya.

Inda aikin yake da nauyi shi ne zanen gidajen kansa. Tun da galibi baƙi da wasali bi da bi suke zuwa a Hausa, kuma wasalin "a" ya fi kowane yawa, idan mahaɗar kalmomi ta faɗa kan wasula, mai wasa zai ga "a" a gida na biyu da na huɗu, kuma hakan bai rage masa komai ba, domin rana da gaba da fara da tasa duk sun shiga. Ya kamata mai zane ya yi ƙoƙari mahaɗar ta riƙa faɗawa kan baƙaƙe, ba wasula ba. Sannan akwai maganar haruffa masu ƙugiya. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: ƙ ba k ba ce, ɗ ba d ba ce, ɓ ba b ba ce, kuma wanda ya gitta "baki" da "ƙasa" a gida ɗaya ya zalunci mai wasa. Game da sh da ts kuwa, ko a ba su gida ɗaya ko gida biyu, duk mai yiwuwa ne, muddin an sanar tun farko kuma ba a sauya a tsakiya ba. Ni gida biyu nake ba su, saboda ya fi sauƙin gittawa.

Haka nan batun karin harshe. Hausarmu ta Gombe da Bauchi tana da kalmomin da mutumin Katsina ko Sakkwato ba lalle ya sani ba, wasu ma daga Fulatanci muka aro su. Ban ga laifin amfani da su ba, amma adalci ya buƙaci a ambaci yankin a cikin tambayar, in kuwa ba haka ba a tsaya a kan daidaitacciyar Hausa.

Shawarata ga mai son farawa ita ce ya rage gudu wajen karatu. Ya nemi ma'anar a ɗayan bakin jimlar, ya zargi kowace kalma irin "rikice", "juya", "a ciki" ko "karye", ya kuma tambayi kansa ko kalmar da ya ɗauka suna ce ba aikatau ba ce. Ga guda biyu na gwaji, waɗanda kawuna ya warware ta farko nan take, ta biyu kuwa sai bayan sallar isha'i ya aiko yaro da amsa: "Hatsi a jeji (4)", da kuma "Hedikwatar masarautar Katagum a abin ɗinki (5)".