Wanda ya ɗauki asarar Disney a shekarar korona

A watan Maris na 2020 kamfanin Disney ya rufe wuraren shaƙatawarsa na Amurka saboda annobar korona, kuma Disneyland da ke jihar Kalifoniya bai sake buɗe ƙofa ba sai ƙarshen Afrilun 2021. Irin wannan harka tana cin kuɗi ko da baƙo bai zo ba, domin dole a ci gaba da duba injinan lilo, a biya haraji da inshora, a kula da otal-otal da babu kowa a ciki.

A watan Satumba na 2020 kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000, kusan kashi biyu cikin uku waɗanda ba na cikakken lokaci ba ne, daga baya adadin ya kai 32,000. Shugaban sashen wuraren shaƙatawa na kamfanin a lokacin, Josh D'Amaro, ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan gwamnatin Kalifoniya da ta ƙi sassauta dokar rufewa, hujjar da ni dai ban gamsu da ita ba, tunda sallamar ta shafi har wuraren shaƙatawarsa na jihar Fulorida, inda aka sake buɗewa tun watan Yuli na 2020.

Bayan haka aka juya kan baƙi, domin a 2021 an soke tsarin FastPass na tsallake layi kyauta, aka kawo Genie+ wanda sai an biya.