Bonet ya rufu, ni kuma na yi shiru

Asabar ɗin da ta wuce na ɗauke akwatin sifanuna daga garejin da na yi shekara bakwai ina koyon rewaya a Sabon Garin Zariya. An yi mini addu'ar yaye, na kama 'yar rumfa a gefen Kwangila. Muna cikin ɗora kaya sai ƙaramin yaron da ya shigo bara ya tambaye ni aikin da ya fi ba ni wuya a duk zamana. Na san amsar da yake jira: sabunta wayoyin mota kaf, ko farautar inda wuta ke zurarewa idan mota ta kwana. Na ce masa sa batir. Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Manyan da ke tsaye a wurin ba su yi dariya ba, domin sun san ranar da nake nufi.

A shekarata ta uku ne, tsakiyar damina. Wani direba ya shigo da Golf 3 ana tura masa. Lodin Zariya zuwa Funtuwa yake yi, motar ba tasa ba ce, balas yake kai wa mai ita kullum. Batirinsa ya mutu murus, ga fasinja na jira a tasha. Oga yana sayar da batir a gefen gareji, kuma abin da ya rage a shago ranar shi ne irin na motocin Japan, wanda muke sa wa Corolla da Camry.

Duk wanda ya taɓa ajiye biyun gefe da gefe ya san ba ɗaya ba ne. Batirin motocin Turai gajere ne, yawanci tsayinsa milimita 175 ko 190, kawunansa a lotse suke sun yi daidai da saman akwatin, a gindinsa kuma akwai ɗan leɓe inda mariƙi ke danne shi ta ƙasa. Na Japan, irin wanda ake rubuta wa D23, dogo ne, kawunansa a tsaye suke kamar ƙaho, idan ka haɗa da su ya kai kusan milimita 225, kuma ta sama ake ɗaure shi da ƙarfe da dogayen kusoshi biyu. Ƙarfin wutarsu ɗaya ne, dukansu bolt 12 ne, mota za ta tashi da kowanne. Wannan ne ke ruɗin mutane.

Na ɗora shi a mazauninsa, na ga ya yi sama. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na ce, "Oga, wannan ya yi tsawo." Yana kwance ƙarƙashin sitiyarin wata mota, ko leƙowa bai yi ba. Ya ce, "Rufe bonet mana ka gani." Na rufe, ya rufu. Ya ce, "To me ya rage? Kai za ka koya mini aiki? Ɗaure ka sallami bawan Allah, yana da lodi."

Mariƙin ƙasa bai kama ba, tunda babu leɓen da zai danne. Na yanko robar cikin taya na zagaye batirin da ita. Jan murfin da ke rufe kan fozitif ya daɗe da ɓata a motar. Na ga wannan ma. Na ɗaure noti, na goge hannu, direba ya yi godiya ya tafi.

Bai kai Giwa ba. Bayan Shika ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe, batir ya yi tsalle, kan fozitif ya daki ƙarfen da ke cikin bonet. Abin da mai mota bai cika sani ba shi ne, jikin motar gaba ɗaya negetif ne, domin a bodi ake ɗaure wayar negetif. Bonet, inji, kowane noti, duk ɓangare ɗaya ne. Idan kan fozitif ya taɓa ɗaya daga cikinsu, kamar ka ɗauki ƙarfe ne ka haɗa kawunan batir biyu, kuma babu fis a tsakani da zai tsinke ya cece ka. Ɗaruruwan amfiya ne ke wucewa a lokaci guda. Dalmar kan batirin ta narke ta manne da bonet, fenti ya ƙone har ya huje, wayar negetif ta yi jawur, roba ta kama wuta. Batirin da ke caji kuma yana fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Akwatin ya fashe, ruwan batir ya wanke cikin injin. Direba ya kai hannu ya ɗaga bonet, tafin hannunsa ya salɓe. Da laka da ruwan ramin suka kashe wutar. Akwai mace mai goyo a kujerar baya. Allah ne kawai ya kiyaye.

Da la'asar aka jawo motar, mai ita ya biyo baya. Ina tsaye Oga ya dube shi ya ce, "Alhaji, wallahi ban san ya sa wannan batirin ba. Yaran yanzu ba sa tambaya." Mutum uku ne suka ji abin da ya gaya mini da safe. Ɗaya ya sunkuya yana neman abin da bai ɓata ba, biyu suka shige bayan gareji. Aka yi lissafin wayoyi da batir da bonet da maganin direba, aka ɗora mini. Wata huɗu na yi ina aiki ba a ba ni ko kuɗin sabulu ba, da ƙafa nake zuwa daga Tudun Wada. Mahaifina ya taso da kansa ya zo ya ba da haƙuri. A hanyarmu ta komawa na ce masa, "Baba, shi fa ya ce in sa." Ya ce, "Na ji. Amma hannun wa ya ɗaure?"

Na daɗe ina jin haushin wannan tambayar. Kuɗin na yafe tuni. Rantsuwar ce ta tsaya mini a rai, kuma a shekara huɗun da suka biyo baya bai taɓa kirana gefe ya ce komai a kai ba. Ranar yaye ya tashi ya ce ni ne yaron da ya fi kowa natsuwa a aiki. Na gode masa, kuma na koyi aiki a hannunsa, wannan ba zan taɓa musantawa ba. Sai dai ba daga bakinsa na koyi natsuwar ba.

Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Abu uku na gani a motar nan: tsawon batir, mariƙin da bai kama ba, da kan fozitif a buɗe. Ɗaya kawai na faɗa, shi ma sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa. Da na ɗaga kai na gaya wa direban, "Malam, wannan ba na motarka ba ne, ka ba ni minti ashirin in samo maka a kasuwa," da ya jira. Tsoron tsawa ya hana ni. Tsawar minti ɗaya na guje wa, na saka rayuka bakwai a kan hanya.

Wanda ya nuna mini yadda ake yi wani dattijo ne mai cajin batir a layinmu, kowa Baba yake ce masa. Bayan kwana biyu ya kira ni, bai yi mini faɗa ba. Ya ɗebo laka ya mulmula biyu kamar goro, ya ɗora a kan kawunan wani batir kafin a haɗa waya ko ɗaya, ya sauke bonet a hankali har ya kama, sannan ya buɗe. Ya ce, "Ɗana, duba kaurin lakar da ta rage. Ita ce tazararka." Tun ranar haka nake yi duk lokacin da girman batir ya canja. Idan abin da ya rage bai kai kaurin ɗan yatsana ba, batirin nan ba zai zauna a motar ba, ko na waye. Kuma ina lissafa kan waya da noti da za su hau sama, domin su ma suna cin wuri. Rufuwar bonet a cikin gareji ba ta nuna komai. Mota a tsaye take, hanya kuwa tana da rami, bonet yana lanƙwasa, batir yana motsi.

Haka nan batun wace waya ake fara cirewa. Yara da yawa sun haddace cewa negetif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, amma ba su san dalili ba, shi ya sa suke karyawa idan ana sauri. Dalilin dai shi ne na bonet ɗin nan. Muddin negetif na haɗe da bodi, sifana mai lamba goma da ke kan notin fozitif idan gindinta ya taɓa ƙarfe, ta zama waya. A inda wuri ya matse, tsakanin kan batir da bodi ko ƙarfen mariƙi, sai ta taɓa. Idan ka cire negetif ka kawar da shi gefe inda ba zai dawo ba, ka yanke hanyar. Ni har tef nake naɗe wa gindin sifanata, kuma ba na taɓa batir da zobe ko agogon ƙarfe a hannu.

Sauran ƙanana ne. Ka duba harafin L ko R a jikin batir, wanda ke nuna gefen da kowane kai yake, kafin ka biya, domin waya ba ta miƙewa don ka ja ta. Kan fozitif ya fi na negetif kauri, idan ka ga kana dukan waya da guduma don ta shiga, tsaya ka sake dubawa, juya kawuna yana ƙona altaneta da ƙwaƙwalwar mota. Ƙananan motocin Japan wasu siraran kawuna gare su, kada ka cusa ƙusa ko gwangwani don cike giɓi. Bayan ka gama ka sa mita: kusan bolt 12.6 mota a kashe, tsakanin 13.8 da 14.4 idan tana aiki. Kuma idan yaro ya ce maka abu ya yi tsawo, ka fito daga ƙarƙashin sitiyari ka duba.

A sabuwar rumfata abin da na fara ratayewa leda ce cike da jajayen murafen fozitif, na tsinto su a wurin masu yanka motoci, kyauta nake sa wa duk motar da ba ta da shi. Ranar Litinin mutum na biyu da ya tsaya a gabana Golf ya kawo, da dogon batirinsa sabo a but, ya riga ya saya. Na auna da laka a gabansa, ta baje kamar waina. Na ce masa ya mayar a canja masa gajere, zan sa masa ba ko sisi. Ya ce shi sauri yake yi, kuma an sha sa masa irinsa. Na ce to ba da hannuna ba. Ya mayar da batirinsa but, yaransa suka tura motar zuwa rumfar da ke tsallaken titi.