Laraba a maƙera: tsohon ɗuri a bindigar toka

Da hantsi wani saurayi daga wajen Ƙofar Ran ya shigo da bindigar toka naɗe a buhu. Ta marigayi kakansa ce, ta yi shekaru rataye a zaure. "Kawu, wanki kawai take so kafin Sallah, babu komai a ciki." Duk wanda ya kawo irinta haka yake faɗa. Bari in rubuta yadda aikin ya tafi daki-daki, don masu irin wannan gado a gida suna da yawa a Bauchi.

Kafin komai an juya bakinta ga tsohuwar katangar ƙasa da ke bayan maƙera, inda ba mai giftawa, aka kori yara. Aka ɗaga kunama, wato ƙarfen da ke bugawa wuta ta tashi, rabi, aka duba 'yar ƙofar da wuta ke bi ta isa ga albarushi, aka kankare abin kamun wutar da ya bushe a kanta da tsinken itace. Sannan awo: a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi mata alama daidai bakin bindiga, a zaro, a shimfiɗa ta a waje a jikin bututun. In babu ɗuri, ƙarshen sanda zai kai daidai ƙofar wutar. Wannan ta gaza da kusan faɗin yatsa takwas. Ɗuri ɗaya ba ya cin wuri haka, don haka aka ɗauka biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Yakan faru in bindiga ta ƙi tashi, mai ita ya manta, ya sake ɗurawa.

Albarushi ba ya mutuwa don tsufa. Muddin bai sha ruwa ba, na shekara hamsin zai tashi kamar na jiya. Shi ya sa abin da hannun maƙeri ya saba, wato jefa ƙarfen da ya cije cikin wuta don ya saki, a nan shi ne ajali. Haka nan dukan ɗurin da rodi, ƙarfe kan ƙarfe yana iya ba da tartsatsi. Harba ta don a huta ma ba dabara ba ce: ba a san wane irin gari aka zuba ba, in kuma harsashi ya zame ya bar fili tsakaninsa da albarushi, bututun ne zai tsage a hannun mutum.

Ruwa ne maganin. Aka kwance bututun daga kotarsa, aka tsoma gindinsa cikin bokiti, ruwa ya haura wurin ɗurin da taƙi guda. Da sirinji aka riƙa tura ruwa ta ƙofar wutar har ya fara dawowa baƙi. Ta baki ma aka zuba ruwan sabulu mai ɗumi. Gishirin da ke cikin albarushi yana narkewa a ruwa, in ya narke sauran gawayi da farar wuta sun zama taɓo. Sabon ɗuri awa ɗaya ta ishe shi. Wannan da ya daskare kamar dutse an bar shi daga kafin azahar har la'asar, ana sake ruwan. Ko bayan jiƙon, ba a yarda kowa ya tsaya a gaban bakin ba, don ruwa bai cika ratsa ɗurin sama ba in tsumma ya toshe tsakani.

Ciro tsumman farko bai ba da wahala ba. Abin cirowar waya ce ta tagulla da aka murɗe bakinta kamar ƙahon rago, a juya ta kama, a ja. Harsashin dalma ne ya ci lokaci. Akwai sanda mai ƙusa mai zare a baki, da zoben tagulla a bayanta don ta tsaya a tsakiya kada ta karci bututun. A ɗiga baƙin mai kaɗan, a danna, a murɗa zagaye huɗu zuwa biyar. In an wuce haka ƙusar tana buɗa dalmar ta ƙara cijewa, in an gaza kuma zaren ya suɓuce ya bar rami. Na farko haka ya suɓuce mana, sai da aka sauya mai ɗan kauri. Wajen ja, ba a riƙe sanda a ja ta zuwa ƙirji. An ɗaure kan sandar da igiya a jikin bishiyar maina, mutum ya riƙe bututun daga gindi ya ja baya a hankali, ba fizga.

A ƙarƙashi sai ga ɗuri na biyu: gutsattsarin ƙusa da ƙwallayen boris na keke. Waɗannan zare ba ya kama su. Sai da aka cire tsumman da ya danne su, aka kifa bakin ƙasa, ana bubbuga gefen bututun da guntun itace suna zubowa ɗaya-ɗaya. Masu kayan aiki suna kwance ƙofar wutar su tura giris ko iska mai ƙarfi ta baya ya turo ɗurin, amma yawancin namu na gida a like take, kuma abin da iska ta turo yana fita da gudun da zai ji wa mutum ciwo.

Daga nan wanki da ruwan zafi har ya fito fari, a shanya, a shafe ciki da mai, don dattin albarushi yana jan laima ya haifar da tsatsa. Da aka haska tocila ciki, tsatsa ta ci gindin ta yi ramuka, ga kuma siririyar tsaga kusa da ƙofar wutar, wadda ruwa ke tsattsafowa ta cikinta in an toshe baki.

"Kawu, ko sau ɗaya ranar hawa ba za ta yi ba?" Na ce ko rabin sau. Na tuna masa kuma cewa ko bindigar toka sai da lasin daga hukuma. Aka toshe ƙofar wutar gaba ɗaya, aka goge kotar da man gyaɗa, ya naɗe ta a buhunsa ana kiran magariba.